MOTAR BASHI MARAR ƘARI: KADA MU ZAUNA JIRAN GAWON SHANU

'Yan ƙungiya, manya da ƙanana, na Mai Wurno da Sinnar da Sinja da Damazin, da kuma na ƙauyukan Jazira, muna so a wannan fitowa mu tattauna wata magana wadda ta cika bakin kara da rumfunan masu shayi. Tun da hanyoyi suka fara buɗewa, bayan sojoji sun koma Sinja a watan Nuwamba na 2024, suka kuma shiga Madani a watan Janairu na 2025, mutanenmu da dama suna neman abin ɗaukar dabbobi. Wani an ƙwace masa boksinsa, wani dafar ɗinsa ta ruɓe a ajiye, wani kuma ya sayar da tasa da arha a lokacin gudun hijira don ya ciyar da iyali. To, sai ga magana ta ɓullo cewa wai a dakata, kada kowa ya yi garaje, za a kawo motoci bashi ba tare da ƙarin ko kwabo ba, mutum ya riƙa biya sannu a hankali. Kowa ka tambaya sai ya ce daga bakin wane ya ji, wane kuma ya ce daga wane, amma har yanzu ba mu gamu da wanda ya riƙe takarda a hannunsa ba.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne kada a jira. Wanda yake da buƙatar mota ta gaskiya, kuma lissafinsa ya nuna motar za ta ci da kanta, ya nemi hanyar halal ya saya tun yanzu. Wanda kuwa lissafinsa bai kai ba, to ko an ba shi bashin nan da ake mafarki, ba zai fisshe shi ba. Bari mu bi maganar daki-daki, gama ta shafi jarin mutane, wani lokaci ma har da 'yancinsu.

Da farko dai akwai ruɗanin harshe wanda ya kamata mu warware. A bakin Bahaushe, idan an ce riba ana nufin abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, kuma halal ce tsantsa. A Larabci kuwa wannan ribhu ake ce mata, kalmar riba kuma ita ce kuɗin ruwa da Allah Ya haramta. Mu da muke zaune tsakanin harsuna biyu sai abin ya riƙa cakuɗe mana. Idan ma'aikacin banki ya ce wa mutum da Larabci cinikinsu babu riba a ciki, sai kunnen Hausa ya ji kamar an ce banki ba zai ci kome ba. Alhali kuwa abin da yake nufi shi ne ba rancen kuɗi da ruwa zai ba ka ba, sayar maka da kaya zai yi, ya ɗora ribarsa. Muna zaton rabin wannan jita-jita daga nan ta samo asali.

Domin in ana maganar bashi marar ruwa ne kawai, ai mu a Sudan babu abin jira. Bankin Faisal na Musulunci ya buɗe ƙofa a Hartum tun 1978. A zamanin Numairi, a 1984, aka fara juya bankunan ƙasa zuwa tsarin Musulunci, sa'an nan a farkon shekarun 1990 aka kammala, har aka kafa babbar hukumar malamai a 1992 don ta sa ido a kan ma'amalolin bankuna. Tun daga lokacin, manomi yana karɓar salam, ɗan kasuwa yana shiga musharaka ko mudaraba, mai son mota ko injin ban-ruwa kuwa murabaha ake yi masa. Wato banki ya sayi motar da kuɗinsa, ta zama tasa, sa'an nan ya sayar maka a kan farashin da ya fi wanda ya saya, a yanka maka wa'adi ka riƙa biya kashi-kashi. Malaman majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi sun zauna a Jidda a watan Maris na 1990, suka tabbatar da cewa ya halatta kuɗin ajali ya fi kuɗin hannu, muddin an tsaya a kan farashi guda tun wajen ƙulla ciniki, kuma ba a ƙara wa mutum kome idan ya yi jinkirin biya. Wannan bai saɓa wa abin da muka karanta a babin ciniki na Risala a gaban malamanmu ba.

Saboda haka abin da masu jira suke jira wani abu ne dabam. Suna so a ba su mota yau a kan kuɗin hannu na yau, su biya cikin shekara biyu ko uku ba tare da an ɗora kome ba. Wannan a shari'a sunansa rancen alheri, wanda ake yi don neman lada, irin wanda ɗan'uwa kan yi wa ɗan'uwansa idan gobara ta same shi. To, jama'a, mu tambayi kanmu tsakani da Allah. Wane ne a cikinmu zai ba mahauci bijimai 20 yau, a kan farashin kasuwar yau, ya ce ya je ya biya nan da shekara biyu? Ko ƙanin matarka ne sai ka yi tunani sau uku. In mu ba za mu yi ba, don me muke zaton mai mota zai yi, shi da ya sayo ta da dala daga Dubai ko Jidda, ya biya kuɗin jirgi da na kwastan a Fot Sudan?

Kuɗin ƙasar nan kowa ya san halinsa, ba sai an yi mana tilawa ba. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun ga an sauya fam da dinari a 1992, sun ga tsadar kaya ta haura kashi 130 cikin 100 a 1996, sun kuma ga an dawo da sabon fam a 2007, lokacin da dala ɗaya take fam 2 da 'yan kai. Da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, sai abin ya fara gangara. Ranar 21 ga Fabrairu 2021, a wuni guda, gwamnati ta mayar da dalar banki daga fam 55 zuwa 375, kuma a watan Yuli na wannan shekara tsadar kaya ta wuce kashi 400 cikin 100. Kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 dala tana wajen fam 600 a kasuwa. A 2024 ta haura 2,000, a 2025 ta haura 3,000. A irin wannan ƙasa, wanda ya ba da kaya na shekara biyu babu ƙari, ya yi kyautar fiye da rabin dukiyarsa ke nan. Banki kuwa kuɗin da ke hannunsa na masu ajiya ne, a cikinsu har da marayu da gwauraye da 'yan fansho, ba shi da ikon yin sadaka da su ko da ya so.

Wasu samarinmu masu duba waya sukan ce ai a Amurka ana yi. Gaskiya ne ana yi. Bayan harin Satumba na 2001, kasuwar motoci ta tsaya cik a can, sai kamfanin General Motors ya fito da tallar bashi ba ruwa ko kaɗan, sauran kamfanoni suka bi sahu. Amma a duba yadda abin yake. Kamfanin da ya ƙera motar shi ne mai ba da bashin, motoci sun yi masa yawa a fili yana neman kai da su, tsadar kaya a ƙasarsu kuma ba ta wuce 'yan kashi kaɗan a shekara. Duk da haka ba kowa ake ba ba, sai wanda tarihin biyan bashinsa yake da tsabta. Sau da yawa ma sai a ce wa mai saye ya zaɓi ɗaya, ko a rage masa kuɗi ya biya nan take, ko ya ɗauki bashin a kan cikakken farashi. Ka ga ashe ƙarin yana nan, ɓoye shi aka yi a cikin rangwamen da aka hana shi. Mu nan wa ke ƙera mota har ta yi masa yawa? Masana'antar Giyad da aka buɗe a arewacin Jazira a shekarar 2000, ko a lokacin zaman lafiya harhaɗa kayan da aka sayo daga waje take yi, da dala.

Don haka idan gobe wani mai shagon motoci ya kafa allo ya rubuta cewa yana ba da mota bashi babu ƙari, kada a yi masa musu, a yi masa tambaya guda. A ce, "Alhaji, in na kawo kuɗina a buhu yanzu-yanzu, ko na tura maka ta Bankak, nawa za ka bar mini?" Duk abin da ya rage, shi ne ƙarin da ya ɗora wa mai bashi. A ce, alal misali, kuɗin allo 100 ne, ya ce zai bar wa mai kuɗi a hannu 70. To, mai bashi yana biyan 30 a kan 70 ke nan, wato fiye da kashi 40 cikin 100, sunan kawai aka sauya. Wannan sana'armu ce, mun fi kowa saninta. Dillalin da ya san mai saye sai bayan Salla zai biya, ai ba ya buɗe ciniki da kuɗin da zai buɗe wa mai tsaba. Ba mu ce haramun ne ba. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya shiga da ido rufe yana zaton kyauta aka yi masa.

Yanzu mu dubi abin da jiran kansa yake ci. Mai jira iri biyu ne. Akwai wanda ya riga ya sayar da dabbobinsa ya riƙe kuɗi, yana cewa yana tanadin kafin alƙalami. Wannan shi ya fi ba mu tausayi, domin kuɗinsa kamar ƙanƙara ce a rana, kullum gari ya waye sai ta ragu, motar kuma tana ƙara nisa. Banda haka, waɗanda suka ɓoye tsabar kuɗi a gida sun sha wuya a ƙarshen 2024, lokacin da aka sauya takardun 500 da na 1,000, aka ce kowa ya kai nasa banki a zuba masa a asusu. Na biyu shi ne wanda ya bar jarinsa a ƙafa huɗu. Shi da sauƙi, gama saniya tana bin kasuwa, idan fam ya faɗi ita ma kuɗinta ya ɗaga. Amma saniya tana ci tana sha. Ambaz da dusa da abu-sab'in ba kyauta ake ba da su ba, ga makiyayi, ga magani, ga ɓarayi waɗanda yanzu da bindiga suke zuwa. Kuma farashin dabba ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da na mota, domin mota dala take bi kai tsaye, dabba kuwa sai ta jira aljihun mai cin nama, wanda shi ma talauci ya kama. A duk tsawon jiran nan kuma yana biyan kuɗin haya ga mai lori, wato yana taya wani biyan tasa motar.

Sa'an nan akwai hannun hukuma, wanda ba ya sanarwa kafin ya motsa. A 2014 Babban Bankin Sudan ya hana bankuna saya wa mutane ƙananan motoci da boksi, ya bar manyan motocin kaya da bas-bas kaɗai. Wanda yake jiran sauƙi a lokacin sai ya wayi gari ƙofar ma an rufe ta baki ɗaya. A farkon 2018 aka ɗaga dalar kwastan daga ƙasa da fam 7 zuwa 18, a watan Yuni na 2021 kuma aka soke ta, aka ce kowa ya biya kwastan da farashin kasuwa. A wannan watan dai aka janye tallafin fetur da gas. A iya saninmu na shekarun nan, duk sanarwar da ta fito game da mota tsada ta ƙara mata.

Za a ce mana, to ai bayan yaƙi akan yi shirye-shiryen farfaɗo da ƙasa, wataƙila ƙasashen Larabawa ko ƙungiyoyin agaji su kawo tallafi. Allah Ya sa haka, mu ma muna fata. Amma mu yi wa kanmu adalci. In irin wannan ya zo, iri da taki da famfunan ruwa da gyaran magudanan Jazira za a fara da su, ba motar falke ba. In ma an ware wani abu, wa zai kai gare shi? Banki yana son jingina, yana son takardar fili mai rajista, yana son lambar ɗan ƙasa da mai lamuni wanda yake da albashi. Kakanninmu sun sauka a bakin wannan kogi tun bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ta kafu tun kafin a gama madatsar Sinnar a 1925, da guminsu aka noma audugar Jazira. Duk da haka har gobe akwai ɗan'uwanmu da zai je neman takarda a tsaya ana yi masa tambayar asali. Mazauna kambo a cikin gonakin Jazira yawancinsu ba su da takardar gidan da suke ciki. Waɗanda rikicin 2022 ya kora daga garuruwan jihar Nilu Shuɗi, da yawansu da tufafin jikinsu kaɗai suka fita. Ko Bankin Dukiyar Dabbobi, wanda sunansa ya nuna don mu aka yi shi, mutum nawa ne a cikin masu karanta wannan takarda suka taɓa samun wani abu a can? Abu mai arha idan ya yi kaɗan, masu dogon hannu ke riga kowa.

To, murabaha fa? A nan dole mu faɗi gaskiya ko da ta yi kama da tana goyon bayan banki. A lokacin da kuɗi ke faɗuwa, wanda ya ƙulla murabaha a kan adadi tsayayye shi ke da rinjaye, domin abin da zai biya a wata na 18 lambarsa ɗaya da na watan farko, amma nauyinsa ya ragu ƙwarai. Waɗanda suka ɗauki mota ko tarakta a 2019 da 2020 sun ga haka da idonsu, kashin ƙarshe bai kai kuɗin tumaki kaɗan ba. Bankuna ma sun koyi darasi, shi ya sa suke gajarta wa'adi, suna ɗaga riba, suna neman kafin alƙalami mai nauyi. Duk da haka, murabaha mai tsabta wadda aka san farkonta da ƙarshenta ta fi jiran abin da babu shi. Sharaɗi dai motar ta shiga mallakar banki da gaske kafin ya sayar maka. Idan takarda kawai aka cika aka miƙo maka kuɗi, wannan murabahar baka ce, kuma malamai sun yi magana a kanta.

Amma inda gizo ke saƙa shi ne shek. Duk bashin mota a ƙasar nan, na banki ne ko na ɗan kasuwa, da shek ake ɗaure shi, ka sa hannu a kan ganye 12 ko 24, kowane da ranarsa. Sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991 ya mayar da shek ɗin da ya dawo babu kuɗi laifi, ba bashi kawai ba. Kowa ya san kalmar nan da ake faɗa a kotu, cewa mutum zai zauna har sai ya biya. Mun ga dattawa masu mutunci, masu limanci a unguwa, sun yi watanni a tsare saboda ganye ɗaya, har sai dangi sun sayar da gona, ko Diwanin Zakka ya tuna da su a watan azumi. Shek bai san damina ba. Bai san cewa daga Yuli zuwa Oktoba baƙar ƙasar nan takan zama laka, mota ta yi sati ba ta fita daga ƙauye ba. Bai san cinikinmu na lokaci ne ba, ya yi ƙarfi gab da Layya da aikin Hajji, sa'an nan ya kwanta. Bai kuma san ranar da Saudiyya za ta rufe ƙofa ba, kamar yadda ta yi a 2007 lokacin da zazzaɓin dabbobi ya ɓulla a Farin Nilu da Sinnar da Jazira, ta kuma sake yi a 2019. A irin wannan lokaci raguna sukan taru a Sawakin ba jirgi, farashi ya karye tun daga can har Dindir, amma ranar shek ba ta matsawa ko da kwana ɗaya. Wannan haɗari yana nan daram ko da an ce bashin ba shi da ƙarin kwabo. Hasali ma bashin da aka ce kyauta ne ya fi jan mutum ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa.

Idan ranar ta matso babu kuɗi, a nan ne shaiɗan yakan kawo shawarar kasar, wato mutum ya karɓi kaya bashi da tsada ya karyar da su nan take da arha don ya rufe shek ɗin yau, ya buɗe wani rami mafi zurfi na gobe. Wanda ya fara wannan da wuya ya tsaya. Kada kuma mu manta da kasuwar Mawasir ta Fashir, inda aka riƙa karɓar motocin mutane da kayansu a kan farashin da ya fi na kasuwa, ana ba su shek na 'yan makonni. Na farko-farko sun karɓi kuɗinsu suka yi ta yabo, jama'a suka yi tururuwa, sai abin ya rushe a 2010, dukiyar dubban mutane ta salwanta, har aka rasa rayuka wajen zanga-zanga. Duk cinikin da aka ce maka ɗayan ɓangaren ba ya cin kome, ko kuma kai za ka ci abin da hankali bai ɗauka ba, ka tsaya ka nemi inda aka ɓoye ƙugiyar.

Akwai ma tambayar da ta riga duk waɗannan, wadda yawancinmu ba mu son a yi mana. Shin motar ma dole ce? Mu faɗa wa juna gaskiya, rabin sha'awar boksi ba ta kasuwa ba ce, ta a gan ka ce a ƙofar masallacin Juma'a. Boksi raguna nawa zai ɗauka? Mai hada-hadar shanu ko ya saya sai ya yi hayar babbar mota. Wanda yake loda dabbobi sau biyu a wata, haya ta fi masa, ko da mai lori yana yi masa yanga, domin ranar da ba a yi lodi ba ba ya biyan direba da yaron mota, ba ya sayen taya da batir. Mota tana amfanar wanda yake zagaya kasuwanni kusan kullum, yau Sinja, gobe Suki, jibi Managil ko Tambul, kuma yana da kayan dawowa, ko dawa ko albasa ko gawayi, don kada ta dawo wayam. Kowa ya ɗauki littafinsa ya duba abin da ya biya na haya a shekarar da ta wuce. Ya cire kuɗin gas da gyara da direba da jibayar hanya da zai riƙa biya in motar tasa ce. Abin da ya saura, in bai kai ya rufe kashin wata-wata har da rara ba, to maganar ta mutu, a bar ta. A sa a rai kuma cewa inshorar da aka saba yi ba ta biyan asarar yaƙi, waɗanda aka ƙwace wa motoci a Madani da Hasahisa sun gane haka.

Wanda lissafinsa ya tsaya, hanya mafi lafiya ita ce tsohuwar hanya. Ya ware dabbobin da za su sayi motar, ya sayar da su a lokacin da kasuwa take sama, ya biya mai mota a cikin satin nan, kada kuɗin ya kwana da yawa a hannunsa. Kada dai ya taɓa uwar garke, kada kuma ya cinye jarin da zai loda wa motar, don mun sha ganin mai sabuwar dafar yana yawon neman kayan wasu saboda nasa sun tafi wajen sayenta. In ƙarfin mutum ɗaya bai kai ba, uku ko huɗu su haɗa hannu su yi tarayya, kowa da kasonsa, riba da asara a raba gwargwadon jari. Tsohuwar mota mai lafiya wadda kowane makaniki a Sinnar ya san cikinta, kayan gyaranta kuma suna nan a kasuwa, ta fi sabuwa wadda in ta tsaya sai an aika Dubai. Ba banza ba Bedford ɗin nan da muke kira safinja ta yi shekaru aru-aru tana ratsa lakar Dindir.

Sai dai a yi hattara ƙwarai da motar da arharta ta yi yawa. Tun kafin yaƙi muna da matsalar motocin da ake shigowa da su ta hamada babu takardun kwastan, waɗanda ake kira Boko. Yanzu kuma ga dubban motocin da aka wawashe daga gidajen mutane a Hartum da Jazira, an sauya musu fenti da lamba suna yawo a hannun 'yan tsakiya. Sayen irin wannan haramun ne, ko da kai ba ka saci kome ba, kuma ranar da mai ita ya gane abarsa, ba mota ba kuɗi, wataƙila har da kwanan caji ofis. A je ofishin 'yan sandan hanya tare da mai sayarwa, a duba lambar inji da ta shasi, a mayar da takardu da sunan mai saye kafin a ƙirga kuɗi.

Bashi marar ƙari na gaskiya kuwa, in muna sonsa, a tsakaninmu yake, ba a wani ofis ba. Matanmu sun daɗe suna yin adashi, wanda maƙwabtanmu ke kira sanduƙ, babu banki babu shek. Aibinsa a wannan zamani shi ne mai kwasar ƙarshe yakan karɓi kuɗin da ya riga ya lalace. Amma mu da muke da dabbobi muna da mafita, domin a mazhabarmu ta Malikiyya ya halatta a ranta dabba a biya da irinta. Mutum 10 za su iya yin adashin bijimai maimakon na takarda. Kowane zagaye kowa ya kawo bijimi ɗaya mai shekarun da aka amince da kuma ƙibar da aka amince, dattawa biyu masu ido su tantance, mai kwasa ya sayar ya haɗa da abin hannunsa ya sayi mota. Na farko da na ƙarshe duk bijimi 10 suka karɓa, faɗuwar fam ba ta cuci kowa ba. Za a yi gardama a kan wane ya kawo ramamme, wannan babu makawa, shi ya sa dole a rubuta kome a sa shaidu, kamar yadda doguwar ayar nan ta ƙarshen Baƙara ta umarta, a kuma fayyace tun farko abin da za a yi idan ɗaya ya rasu ko garkensa ya halaka.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana a cikin ajandar taro mai zuwa, a gayyato malami ɗaya da ya san babin ciniki sosai, da wani ɗanmu da ya yi aikin banki, su zauna a gaban jama'a a yi musu tambayoyi. Duk wanda kuma yake da takardar tayin mota daga wani banki ko shago, ya zo da ita taron a karanta a fili, a fitar da kuɗin hannu da kuɗin ajali a kan allo kowa ya gani. Masu sha'awar adashin bijimai su ba da sunayensu wurin magatakardan reshensu kafin ranar.